In Jif Ta Kama Rawa a Babban Titi

Duk wanda ya taɓa fita daga Kano da sassafe a cikin jif ya nufi Zariya, ya yi haƙuri da cunkoson Na'ibawa har hanya ta buɗe masa bayan Kura, ya taka totur allurar gudu ta haura 90 ta doshi 100, sa'an nan ya ji sitiyari ya soma kaɗawa a hannunsa kamar rariya a hannun mai tankaɗe, madubi yana makyarkyata har ba ya iya tantance abin da ke biye da shi, to, wannan ya san mas'alar da nake nufin in warware ba sai an yi masa dogon sharhi ba. Abin da ke ɗaure wa mutane kai game da ita shi ne, motar nan da ke rawa a babban titi ita ce jiya ta wuni tana zaga gari lafiya lau, ba ƙara ba gargada. Kuma sau da yawa idan direba ya ƙara wuta ya wuce 120 sai rawar ta lafa, har ya zaci ciwon ya warke da kansa, alhali kuwa yana nan kwance, sai dai an wuce inda ake jin nishinsa.

Ni kaina na sha wannan ɗaci shekarun baya da wata jif 'yar Kwatano da na saya. Na kai ta gareji na ce wa bakanike mota tana rawa, ban ƙara masa komai a kan haka ba, shi kuma bai tambaye ni komai ba. Ya leƙa ƙarƙashinta ya ce shokozoba ne, aka sayo aka sa. Na hau hanya, rawa tana nan. Na koma, aka ce tayarod ne, aka canja, aka ƙara da alaimen. Na sake hawa hanya, rawa tana nan kamar ba a taɓa motar ba. Sai da na yi sawu uku, na kashe abin da ya isa in sayi sababbin tayoyi biyu, kafin Allah ya haɗa ni da wani dattijo mai faci a bakin hanya, wanda na tsaya wurinsa don ƙarin iska kawai. Da na yi masa ƙorafi sai ya ce, “Malam, a hannu kake jin ta ko a kujera?” Na ce, “A hannu, Baba.” Ya ce, “In ka taka birki tana ƙaruwa?” Na ce a'a. “In ka ɗaga ƙafa daga totur fa?” Na ce ba ta dainawa sai gudu ya sauka. Bai ƙara cewa uffan ba. Ya ɗauko jak ya ɗaga ƙafar gaba ta dama, ya kawo bulo ya ajiye dab da taya, ya ɗora alli a kansa ya danne da yatsa, ya sa yaronsa ya juya tayar a hankali. Ta yi kusan zagaye guda alli bai taɓa ta ba, sai a wuri ɗaya, tsawon kamar taƙi, ya ja mata farin layi. Ya kama hannuna ya ɗora a wurin, na ji tudu a ƙarƙashin roba kamar kumburin maruru. Ya ce, “Wayar ciki ce ta saki, Malam. Wannan tayar ba ta kai ka Kaduna.”

Na daɗe ina tadabburin tambayoyin nan uku na dattijon, domin na ga hanyar da ya bi ita ce wadda malaman usulul fiƙhi suka shimfiɗa tun zamanin da don gano illar hukunci. Suna da wata ƙa'ida da suke kira sabru da taƙsimi, watau mai bincike ya tattaro duk siffofin da ake zaton ɗayarsu ce illa, ya jera su, ya yi ta gwada su ɗaya bayan ɗaya yana zubar da wadda hujja ba ta tsaya mata ba, har ya rage saura guda. Suna kuma da wata da suke kira dawarani, wadda ke nuna cewa illa ta gaskiya ita ce wadda in ta samu hukunci ya samu, in ta gushe ya gushe. Kalmar ma da muka aro ta yi mana daidai, gama a bakin Bahaushe illa ita ce aibin da ke jikin abu. Rawar mota alama ce kurum, kamar zazzaɓi a jikin mutum, wanda zai yiwu na cizon sauro ne, zai yiwu kuma na wani ciwo ne dabam. Saboda haka wanda ya fara sayen kayan gyara tun bai san sa'ad da rawar ke zuwa da sa'ad da take tafiya ba, ya yanke hukunci ne kafin a saurari shaidu. Babban mai shaida kuwa a wannan shari'a shi ne direba, don shi ne a ciki lokacin da abin ke aukuwa, bakanike kuwa a tsaye yake ganin mota.

Kafin mu shiga sauraren shaida, ya kamata mu fahimci abin da ya sa gudu ke tono abin da tafiyar gari ke rufewa. Mu ɗauki tayar da aka saba gani a ƙafar manyan jif, wadda aka rubuta 265/65 R17 a gefenta. Kewayenta ya kusa mita 2 da rabi, don haka a kowace kilomita takan juya kimanin sau 410, in kuwa mota tana gudun kilomita 100 a awa, tana juyawa sau 11 da 'yan kai cikin daƙiƙa guda. To, a ce wani gefe na tayar ya fi sauran nauyi da giram 30 kacal, nauyin da bai wuce na goro biyu ba. Mota tana tsaye wannan ba abin kulawa ba ne. Amma duk abin da ke kewayawa yana fizgar abin da ya riƙe shi zuwa waje, kamar yadda dutse ke fizgar hannun yaro mai kaɗa majajjawa a gonar dawa, kuma ƙarfin fizgar nan yana ninkuwa huɗu duk sa'ad da gudu ya ninka biyu. A gudun 50, giram 30 ɗin nan yana ja da ƙarfin kamar kilo 1 da rabi; a gudun 100 ya zama kamar kilo 6. Mai karatu ya ƙaddara a ransa guduma mai nauyin kilo 6 tana dukan ƙafar motarsa sama da ƙasa sau 11 a kowace daƙiƙa, tun daga Kura har Kwanar Dangora ba hutawa, lalle zai daina mamakin rawar sitiyari, ya koma mamakin ƙarfen da ke jure ta.

Saura dalilin da ya sa rawar take da gudun da ta fi bayyana a cikinsa. Kowane abu da ke zaune a kan sifirin yana da adadin lilon da ya dace da ɗabi'arsa, kuma ƙafar mota, ita da tayarta da iskar cikinta, nata lilon yakan kasance tsakanin sau 10 da 15 a daƙiƙa. Wanda ya taɓa tura yaro a kan lilo ya san cewa ɗan turi kaɗan ma, muddin yana dacewa da dawowar igiya, ya isa ya kai yaron sama. Haka nan idan juyin taya ya yi muwafaƙa da lilon ƙafa, abin da a galibin motoci yakan faɗo tsakanin gudun 90 da 120, sai ƙanƙanin aibi ya zama babbar girgiza. In an ƙetare wannan haddi sai su saɓa, rawa ta ragu a hannu, amma dukan da boris da boljoyin ke sha ƙaruwa yake yi. Ga shi kuwa dokar hanya ta Nijeriya ta tsayar da gudun motar gida a babban titi mai tagwayen hanyoyi a kilomita 100, watau tsakiyar inda rawar ke zaune. Direban da ya mai da ɗabi'arsa ya ƙara wuta don ya tsere wa rawa, ya haɗa wa kansa laifi biyu: ya karya doka, ya kuma ɗora wa ƙafa mai ciwo kaya mafi nauyi.

To, shaida ta farko ita ce inda ake jin abin. Rawar da ke zuwa ta sitiyari, yana kaɗawa dama da hagu, galibi daga ƙafafun gaba take, domin su ne ke haɗe da shi. Wadda ake ji a kujera da ƙasan mota, ko a ga kujerar gefe da ba kowa a kanta tana karkarwa, sitiyari kuwa shiru, wannan sai a tuhumi ƙafafun baya ko farfela. Akwai kuma gwajin da ba ya cin komai sai ladan mai faci, wanda a ganina ya fi kowane gwaji amfani: a kwance tayoyin gaba a mai da su baya, na baya a kawo su gaba, kowace a gefenta, sa'an nan a koma kan hanyar nan a gudun nan. In rawa ta tashi daga hannu ta koma kujera, to, illa ta yi tafiya tare da taya, an kama ta ke nan, ba sauran dalilin taɓa tayarod ko shokozoba. In kuwa ta zauna inda take, an wanke tayoyi daga zargi, sai a nemi mai laifi a wani wuri. Wannan shi ne dawarani a aikace, kuma da na san shi tun farko da ban yi sawu uku a gareji ba.

Mafi yawan rawar babban titi daga rashin daidaiton nauyin taya take, maganinta kuwa shi ne abin da ake kira balansin. Ana ɗora tayar da rim ɗinta a kan na'ura ta juya su, ta nuna gefen da ya fi sauƙi da adadin giram da ya gaza, sai a manna ko a maƙala 'yar dalma a wurin. Tayar jif tana da faɗi, don haka nauyi zai iya rinjaya a leɓen ciki ko a na waje, shi ya sa na'urar kan nuna lamba biyu, kuma wajibi ne a gyara duka biyun, in ba haka ba taya ta daina tsalle ta koma kaɗa kai. Ina ba mai mota shawara ya tsaya a kan aikin da kansa. Ya tabbata an cire tsofaffin dalmomi tukuna, an kankare taɓon da ya bushe a cikin rim, domin a damina laka kan taru a can ciki ta daskare ta yi nauyin da ya fi na dalmar kanta. Sau da yawa ma jif ɗin da ta shiga ƙauye ta fito tana rawa, wanki kawai take bukata. Bayan na'ura ta nuna sifili, ya roƙi ma'aikacin ya kwance tayar ya juya ta kaɗan ya sake ɗaurawa ya gwada. In sifilin nan ya koma 20 ko 30, to, zaman tayar a kan na'urar ne bai daidaita ba, kuma aikin farko ɓatacce ne. Kada kuma a manta duk tayar da aka buɗe aka yi mata babban faci, ko aka cusa mata tib alhali tubules ce, ko aka ɗura mata ruwan like huji, nauyinta ya sauya, sai an sake auna ta.

Amma fa balansin nauyi yake daidaitawa, ba ya gyara siffa. Ƙwai ma ana iya daidaita nauyinsa, sai dai ba zai gangara kamar ƙwallo ba. Tayoyin zamani, irin waɗanda kamfanin Michelin na Faransa ya fito da salon ƙirarsu a 1946, suna da ɗamarar wayoyin ƙarfe a ƙarƙashin roba, ita ce ke riƙe da siffarsu. Idan zafi da ƙarancin iska da dukan rami da tsufa suka haɗu, sai ɗamarar nan ta rabu da roba, wuri ɗaya ya tasa, kamar yadda ya faru da tawa. Irin wannan tayar za ta iya nuna sifili a na'ura ta kuma ci gaba da rawa. Alamarta ita ce, ko a tafiyar hawainiya a kan kwalta mai santsi za ka ji mota tana ɗingishi, sitiyari yana ɗan karkata yana dawowa da kowane juyi. Haka kuma rim ɗin da ya faɗa rami ya lanƙwashe, musamman leɓensa na ciki wanda ido ba ya gani sai an kwance. Allin dattijon nan yana kama shi kamar yadda yake kama kumburin taya. In ka ga na'ura tana neman dalma mai yawa fiye da ƙima a taya guda, kada ka yarda a yi ta liƙa mata. A saki iska a juya tayar rabin zagaye a kan rim a sake gwadawa, in kuma sabuwa ce mai ɗigon rawaya a gefe, a daidaita ɗigon da bakin da ake ba ta iska, don ɗigon ne ke nuna wuri mafi sauƙi a jikinta.

A nan dole in tsaya kan maganar tayoyin hannu, domin ita ce ta fi ci mini rai. Tun da masana'antun Michelin da Dunlop suka daina ƙera taya a Nijeriya a shekarun 2007 da 2008, muka dogara ga abin da aka shigo da shi, kuma tsadar sabuwa ta tura jama'a da yawa ga 'yar Beljiyam, wadda za ka gan ta da zane mai zurfi, an shafe ta da baƙi tana ƙyalli, alhali roba ta bushe. Kowace taya tana ɗauke da ranar haihuwarta a gefenta: bayan haruffan DOT akwai lambobi huɗu a ƙarshe, biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara, watau 3521 yana nufin mako na 35 na shekarar 2021. Da yawa daga masu ƙera motoci suna shawartar a sauke taya in ta shekara 6, masu ƙera taya kuwa ba su yarda a wuce 10 ba ko da zanenta bai cinye ba, kuma zafin kwaltarmu a watan Afrilu ba ya ƙara wa roba kwana. Ita ma iska tana da haddinta, wanda aka rubuta a wata 'yar takarda da ke manne a jikin ƙofar direba, galibi tsakanin 30 da 35 a ma'aunin masu faci. Lambar da ke jikin taya iyakar abin da za ta iya ɗauka ce, kuskure ne a cika ta har can. A auna da safe kafin taya ta yi zafi. Wani abu kuma da bai kamata ya tsorata kowa ba: motar da ta yi makonni a ajiye, gindin tayoyinta yakan ɗan baje, ta yi rawa a kilomitocin farko, da roba ta ɗumama sai ta ware.

Notunan ƙafa ma suna da nasu kaso. Rim ɗin da aka ɗaura a kan tsatsa ko yashi, ko aka ƙulle noti ɗaya tamau kafin a kama sauran, ko rim na ado da aka sayo wanda ramin tsakiyarsa ya fi cibiyar ƙafar faɗi, duk ba sa zama a tsakiya, kuma abin da bai zauna a tsakiya ba dole ya yi rawa. Ana ɗaure notuna ne a tsallake, wannan sa'an nan na daura da shi, a hankali har su kamu baki ɗaya. In kuwa rawa ta zo farat ɗaya, tana ƙaruwa cikin 'yan mintoci, da ƙarar ƙwanƙwasa a ƙafa, musamman bayan an taɓa taya kwanan nan, to, a sauka gefen hanya nan take, don zai yiwu notuna ne ke kwancewa.

Tambayar dattijon ta biyu ta birki ce, kuma hukuncinta a bayyane yake. Motar da ke tafiya sumul, sai an taka birki daga babban gudu sa'an nan sitiyari ya kama kaɗawa, feda tana bugun tafin ƙafa, wannan faifan birki ne kaurinsa ya bambanta, ko ya zauna a karkace. Bambancin da bai kai kaurin gashin kai ba ya isa a ji shi. Ana iya fere faifan in da sauran nama a jikinsa, in ya yi siriri a canja, tare da sababbin takalma. Akwai kuma birkin da ke kamawa bai saki ba: mota ta fara tafiya lafiya, sai bayan rabin awa rawa ta taso, in ka tsaya ka kusanto da hannu, ba tare da ka taɓa ba, za ka ji ƙafa ɗaya tana huci fiye da 'yan'uwanta, da ƙaurin ƙuna.

Tambaya ta uku, ta totur, ita ce ta fi shafar jif a kan ƙananan motoci, domin a ƙarƙashin manyan jif irin su Land Cruiser da Prado akwai farfela, doguwar sandar ƙarfe mai kai ƙarfin inji ga ƙafafun baya, da wata gajera mai kai shi ga na gaba. Farfela tana juyawa kusan sau 4 a kan kowane juyi ɗaya na taya, watau sau 40 ko fiye a daƙiƙa in ana gudun 100, saboda haka rawarta ba ta kama da ta taya: ta taya kaɗawa ce da ido ke iya gani, ta farfela kuwa tsuma ce mai laushi da gurnani, wadda ke ratsa ƙasan mota ta shiga tafin ƙafa ta cika kunne. A kowane kai nata akwai mahaɗi mai siffar gicciye, wanda kanikawa ke kira kuros, kuma in ya rasa giris ya bushe, ko ya yi sako-sako, sai ka ji ƙas lokacin da ka sa giya, ka kuma ji tsumar tana sauyawa in ka taka totur ko ka ɗaga ƙafa. Dutse ma yakan lotsa ta, ko 'yar ƙaramar farantin nauyin da aka like mata a masana'anta ta fita. Babban abin da nake gargaɗi a kansa shi ne, duk sa'ad da za a kwance farfela don wani aiki, a yi mata alama da fenti tukuna domin a mai da ita yadda take, gama kawunanta biyu an jera su ne a kan layi guda don kowanne ya shafe tangardar ɗan'uwansa, in aka saɓa musu zama sai mota mai lafiya ta fito daga gareji da sabon ciwo. Ƙananan jif irin su Highlander da CR-V kuwa, waɗanda ƙafafun gaba ne ke jansu, nasu ciwon yakan zo daga shaf: robar da ke rufe da mahaɗinsa na ciki ta yage, giris ya zube, ƙura ta shiga, sai mota ta riƙa girgiza sa'ad da ake taka totur ko hawan tudu, da an ɗaga ƙafa ta yi tsit. Jif mai ja da ƙafa huɗu kuma tana bukatar tayoyinta su zama girma ɗaya, kusan cinyewa ɗaya, domin saɓaninsu yana wahalar da kayan cikinta.

Shi inji sauƙin wankewa gare shi. A riƙe gudun da rawar ke zuwa, a sauko da giya ɗaya ƙasa, ta yadda juyin inji zai ƙaru gudun mota bai sauya ba; in rawa ba ta damu ba, ba ruwan inji. A kuma tsaya wuri ɗaya a ba shi wuta a hankali. In girgiza ta zo mota tana tsaye, sai a duba fulogi da kwal da robobin da injin ke zaune a kansu. Wasu sukan sa mota a furi tana cikin gudu don su gwada, amma ko za a yi haka, faufau kada a kashe inji, don birki da sitiyari da ƙarfinsa suke aiki.

Sai abubuwan da aka fara canja mini, waɗanda a haƙiƙa su ya kamata su zo ƙarshe. Tayarod da boljoyin da bushin in sun saki suna ba rawa ƙofa ta yi girma, shokozoba in ya mutu yana barin taya ta yi ta tsalle har fuskarta ta cinye rami-rami kamar an yi mata sassaƙa, boris in ya lalace yana gurnani mai sauya murya idan ka ɗan karkata dama ko hagu. Amma ba kasafai su ne mafarin rawar ba, kuma kowannensu yana da hujjar da ake kama shi da ita. A ɗaga ƙafa da jak, a kama taya sama da ƙasa a jijjiga, a kama ta dama da hagu a jijjiga, in akwai wasa hannu zai ji, ido zai gani. Mai mota yana da haƙƙin ya ce a nuna masa wasan nan kafin ya ba da kuɗi, bakanike mai amana kuwa ba zai ji haushin wannan ba. Alaimen kuma, wanda ya zama abin da ake fara faɗa wa kowa, aikinsa shi ne hana mota ja gefe ɗaya da hana taya cinyewa a leɓe guda. Ba safai yake kashe rawa ba.

Abin da ya sa na ɗauki wannan magana da zafi shi ne jif mota ce mai tsawo, nauyinta yana sama, don haka fashewar taya a gudu ta fi yi mata illa a kan ƙaramar mota. A Amurka, cikin watan Agusta na shekarar 2000, kamfanin Firestone ya janye tayoyi kimanin miliyan 6 da rabi daga kasuwa, bayan an ga fuskar tayoyin tana ɓarewa a kan hanya, galibi a ƙafar jif ƙirar Ford Explorer, motoci suna wuntsilawa, har aka danganta rasuwar mutane fiye da 200 da al'amarin. Daga nan ne aka yi dokar da ta wajabta sa na'urar gargaɗin iskar taya a sababbin motocin can, ita ce 'yar fitilar nan mai ruwan ɗorawa, mai siffar tukunya da alamar motsin rai a cikinta, wadda ke kunne a allon gaban jif da yawa da aka shigo mana da su daga Amurka, masu su kuwa sun saba da ita har sun daina ganinta. Ciwon da ya kashe waɗancan bayin Allah, watau rabuwar ɗamara da roba, shi ne wanda dattijon nan ya ɗora hannuna a kai, kuma sau da yawa rawa ce sallamar da yake yi kafin ya shigo.

Don haka ina roƙon duk mai jif, da duk direban da aka damƙa wa amanar iyalin wani, musamman a lokacin da tafiye-tafiyen Salla da na biki ke cika hanyoyinmu, in ka ji rawa ka rage gudu zuwa ƙasa da inda take farawa, ka lura da lambar da allura ke kai, da inda kake jin ta, da abin da birki da totur ke yi mata, ka riƙe wannan ka kai wa bakanike tun kafin ya ɗauki sifana. In kuwa aka shafa taya aka ji kumburi, kada ka yarda da mai ce maka a mai da ita baya ta ƙarasa kwananta, kada kuma ka ajiye ta a matsayin safaya. A cire ta a wurin, a tsaga gefenta da wuƙa don kada wani ya ɗauka ya sayar wa ɗan'uwanka.